Martani: Mariƙin Tsaron Taraktar Hannu Ba Tsirfar Turawa Ba Ce

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa, marubuci mai kishin noma, ya fitar kwanakin baya a kan ƙaramar taraktar nan mai taya biyu da ake bi a baya ana riƙe da hannuwanta, wadda dillalai ke kira fawa tila. Ya yaba mata, ya ce ita ce mafitar ƙaramin manomi irin na Gammo da sauran ƙauyukan Kabo da Gwarzo. A nan bakinmu ɗaya. Inda muka raba hanya shi ne inda ya juya kan mariƙin tsaro, wato ɗan ƙarfen nan mai siffar birkin babur da ke jikin hannun injin, wanda muddin kana danne da shi inji na aiki, da ka sake shi ya tsaya. Marubucin, wanda zan kira Malam, ya ɗauke shi tsirfar Turawa da ba ta dace da gonakinmu ba. Hujjojinsa huɗu ne: injin ƙarami ne kuma ba ya gudu, mariƙin yana gajiyar da hannu yana kuma kashe inji ana tsaka da aiki, yana ƙara wa inji tsada, sannan gwani ba ya bukatarsa, tsautsayi kuma ba ya wuce ranarsa. Ya rufe da shawarar manoma su ɗaure shi da roba ko su sa bakanike ya cire shi.

Wannan shawarar ta ƙarshe ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayi a takarda ana iya musu a kansa a tashi lafiya, amma shawarar da za a ɗauka a kai gona, a aiwatar da ita a jikin ƙarfe mai haƙora, ba a barinta ta wuce shiru.

Kafin komai, Malam, gaskiyarka ce cewa muna bukatar injin nan. Gado ya yayyanka gonakinmu sun zama gayauna-gayauna, babbar tarakta ba ta samun wurin juyawa a cikinsu, kuma ko an kama layinta, kafin ta iso kan talaka shuka ta wuce. Shanun huɗa sun yi tsada, ciyar da su tsawon rani wani nauyi ne, ga fargabar ɓarayin shanu. Daminarmu gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, wanda ya makara da mako biyu ya san abin da zai gani a rumbu. A wuraren noman rani kuwa, daga bakin madatsar Guzuguzu a Kabo zuwa Challawa a Ƙaraye da Watari a Bagwai, ba abin da ya kai wannan inji iya shiga fadama ya markaɗe ƙasar shinkafa. Don haka ba ina jayayya da injin ba ne. Ina so ya yaɗu, shi ya sa nake so ya yaɗu da mariƙinsa.

Mu fara da maganar cewa ƙarami ne. Ƙarami ne in an jera shi da babbar tarakta, amma ba da tarakta yake aiki ba, da mutum yake aiki. Manyan cikinsu, irin Dongfeng da Sifang na ƙasar Sin, ko VST da KAMCO na Indiya, injin dizal gare su mai ƙarfin doki 12 ko kusa da haka, kuma in an ɗaura musu haƙoran kaftu nauyinsu kan kai kilo 400 ko fiye. Wannan nauyin buhun masara huɗu ne mai tafiya da kansa. Haƙoran kan yi zagaye kimanin 200 zuwa 250 a minti guda, wato sau uku zuwa huɗu a daƙiƙa. An lanƙwasa su ne don su sari busasshiyar ƙasa su ja ta ciki, kuma ba su san bambancin saiwa da ƙafar wando ba. Tsakaninsu da ƙafar mai tuƙi taku ɗaya ne zuwa biyu. A babbar tarakta direba na zaune a sama, haƙora na bayansa. A wannan kuwa mutum na ƙasa, haƙoran na gabansa, bin su yake yi.

Rashin gudun da Malam ya dogara da shi ba ya kare kowa, domin haɗarin wannan inji ba na gudu ba ne, na rashin tsayawa ne. Ta hanya uku ya fi kama mutum. Ta farko, kuma mafi muni, ita ce ribas. An kai ƙarshen kunya za a juya, mai tuƙi ya sa ribas, yana tafiya da baya ba ya ganin inda yake takawa, inji na matso shi. A ribas hannuwan injin kan ɗaga sama, su fizge daga riƙon mutum. In ya yi tuntuɓe da kunya ko ya zame a taɓo, inji ba zai jira shi ya tashi ba. In kuma akwai bishiya ko katanga ko shinge a bayansa, hannuwan ƙarfen su matse shi a ƙirji ko a wuya. A Japan, inda aka daɗe ana noma da irin wannan inji, ma'aikatar noma na fitar da ƙididdigar mace-macen aikin gona duk shekara, taraktar hannu na da layinta daban a ciki, kuma matsewa yayin ja da baya na cikin sanannun musabbabai. Manoman Japan ba baƙin inji ba ne, su ke ƙera Kubota da Yanmar. Abin da suka gani ne ya sa suka ƙara wa nasu mariƙin tsaro da maɓallin kashewa na gaggawa da sandar da ke tsayar da inji in ta taɓa jikin mutum.

Hanya ta biyu ita ce zabura. A farkon damina, kafin ruwa ya ratsa, ƙasa na da tauri, wani wurin ga marmara ko tsohon kututture a ɓoye. In haƙora suka daki abin da ba za su iya sara ba, sai su koma kamar taya, su harba injin gaba da ƙarfin da ya fi na tafiyarsa, su fizgi mai riƙe da shi ko su ƙwace su bar shi. Injin da ya ƙwace ba tare da mariƙi ba zai ci gaba da tafiya har sai ya ci karo da wani abu, kuma a gonakinmu wannan wani abun yana iya zama yaron da ya kawo fura. Hanya ta uku ita ce zamewa a fadama, inda ƙafa ke nutsewa a taɓo har idon sawu, inji ya yi gaba, mutum ya kife.

A duk waɗannan hanyoyi uku akwai abu guda da ke faruwa ba tare da mutum ya yi tunani ba: hannunsa na barin ƙarfen. A kan wannan aka gina mariƙin tsaro. Liba ta kuloci da ke tsakiyar injin tana bukatar mutum yana tsaye, hankalinsa a kwance, ya miƙa hannu ya ja ta. Ko jan maɓallin gaggawa yana bukatar a kai masa hannu. Wanda ya faɗi rigingine ba shi da wannan damar. Ko da yana tsaye, daƙiƙar da zai ɗauka kafin ya gane abin da ke faruwa ya kai hannu, haƙora sun yi zagaye uku ko huɗu. Mariƙin tsaro shi kaɗai ne abin da ke aiki a lokacin da mutum ya kasa yin komai.

Hujja ta biyu ita ce mafi ƙarfi a rubutun Malam, kuma ba zan raina ta ba. Gaskiya ne injin dizal da ake murɗawa da hannu kafin ya tashi yana cin ƙarfi. Wanda inji ya mutu masa don kawai ya ɗaga hannu ya share gumi, ya zagaya gaba cikin rana ya sake murɗa shi, ba zai daɗe ba zai nemo roba. Gaskiya ne kuma akwai mariƙan da aka ƙera da taurin da ke sa tafin hannu tsami kafin azahar. Amma Malam ya haɗa abubuwa biyu ya yanke musu hukunci ɗaya. Akwai mariƙin da ke kashe injin ɗungurungum: a mai fetur ya yanke wutar fulogi, a mai dizal ya ja waya ta toshe mai. Akwai kuma wanda ba ya taɓa injin, kuloci kawai yake saki ko ya sassauta bel, taya da haƙora su tsaya, inji na ci gaba da ƙara. Ka sake dannawa, aiki ya ɗora daga inda ya tsaya. Ƙorafin Malam na mutuwar inji a kan na farkon yake.

Wannan ƙorafi ba mu muka fara shi ba. Manoman Turai ma sun ɗaure nasu mariƙin da igiya saboda wannan dalilin, kuma amsar da aka ba su ba cirewa ba ce, gyara ƙirar aka yi. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 709, wadda ta fara fitowa a 1997 aka kuma yi mata gyare-gyare daga baya, ta shardanta kada inji ya yi tafiya ko haƙora su juya sai hannu na kan mariƙi, kuma kada haƙoran kaftu su juya a ribas. Kamfanin BCS na Italiya, wanda tsofaffin injunansa ke mutuwa in an saki jan mariƙinsu, ya fito da kulocin da ya kira PowerSafe, wanda ke tsayar da tafiya da haƙora nan take ba tare da inji ya mutu ba. A Amurka, tun 1982 doka ta wajabta injin yankan ciyawa da ake turawa ya tsayar da wuƙarsa cikin daƙiƙa 3 da sakin hannu, kuma can ma hanyoyin biyu ne suka fito, mai kashe inji da mai tsayar da wuƙa kawai. Da Malam ya rubuta cewa manomin Gammo ya ƙi sayen mariƙi mai kashe inji, ya nace sai mai sakin kuloci, da ni ne farkon wanda zai sa hannu a ƙarƙashin rubutunsa.

Abin takaici ma, yawancin ƙananan injunan fetur masu ƙarfin doki 7 da ke shigowa da irin wannan na biyun suke zuwa, domin mariƙin shi ne ke ɗame bel ɗin. Ba ya kashe komai. Wanda ya ɗaure shi da roba bai tsira daga wahalar tayar da inji ba, tunda babu ita tun farko. Hutun yatsu huɗu kawai ya saya. In mariƙi ya yi tauri, maganinsa a sa wa wayarsa mai, a daidaita sifirin, a matso da shi inda yatsu ke kaiwa ba tare da miƙewa ba. Aikin minti kaɗan ne a wurin duk mai gyaran babur.

Sai maganar kuɗi. Malam ya kafa hujja da Bangladesh, kuma tarihin da ya kawo daidai ne. Bayan ambaliyar 1988, wadda ta halaka shanun noma masu yawa, gwamnatin ƙasar ta sassauta haraji ta janye takunkumin da ya taƙaita irin injunan da za a shigo da su, taraktocin hannu masu araha daga Sin suka cika ƙasar, har ya zama mafi yawan gonakinsu da su ake kaftu. Darasin da ke ciki shi ne araha na yaɗa inji, kuma jerin takardun izini na iya shaƙe kasuwa. Amma wannan bai nuna cewa mariƙin tsaro ne ke hana talaka mallakar inji ba. Mene ne a cikinsa? Ɗan ƙarfe, waya irin ta kulocin babur, da sifirin. Abin da ke ɗaga farashin injin nan a Kano canjin dala ne da kuɗin jirgi da na fito da ribar dillali, kuma abin da ke cin mai shi kullum man da yake sha ne. Ban ce a rufe kan iyaka ba, ban ce a kafa sabon ofis ba. Abu ɗaya nake nema a jikin ƙarfen.

In lissafi ake so, a yi shi har ƙarshe. Raunin haƙorin kaftu ba yankan wuƙa ba ne da ake ɗinkewa a koma gida. Yana yaga nama, ya karya ƙashi, ya cusa ƙasa da takin dabbobi cikin ciwon, wanda shi ne hanyar cutar sarƙe-haƙora da ruɓewar rauni. Daga gona a ɗauki mutum a babur zuwa Kabo ko babban asibitin Gwarzo, in abin ya fi ƙarfinsu a miƙe hanyar Gwarzo zuwa birni, asibitin ƙashi na Dala ko na Murtala ko na Malam Aminu Kano, jini na zuba duk tsawon hanyar. Kuma ba a lokacin hutu abin ke faruwa ba, a makon da kowa ke rige-rigen shuka yake faruwa. Gidan da ya rasa ƙafar mai nema a watan Yuni ya rasa daminar bana, ya sayar da akuya da ragon layya, wataƙila har gonar. A ɗora wannan a sikeli ɗaya da kuɗin waya da sifirin.

Hujja ta huɗu ita ce ta fi damuna, domin ta fi daɗin ji. Malam ya ce gwani ba ya bukatar mariƙi. Hausawa sun riga sun ba shi amsa: gwanin ruwa shi ruwa kan ci. Sabon shiga na tsoron inji, yana tafiya a hankali. Wanda ya saba shi ne ke sa ribas ba ya waiwaye, shi ne ke kama gona ta uku bayan la'asar hannu ya mutu da jijjiga, ido ya yi nauyi. Ƙwarewa na rage kuskure, amma ba ta hana ƙafa zamewa a taɓo.

Sannan a duba wane ne ke bayan injin. A ƙauyukanmu mai kuɗin sayen inji ba kasafai yake bin sa a gona ba. Wani ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci ko ƙungiyar manoma, su ba saurayi yana zagaya gonaki ana biya, shi kuma rabonsa ya danganta da yawan abin da ya kafta. Don haka gaggawa ta zame masa dole. In ya gaji ya miƙa wa ƙaninsa ko yaron da ke koyo a hannunsa, ga silifa a ƙafa, ga riga na lilo. Wanda zai karanta rubutun Malam ya yanke shawarar a cire mariƙi yana zaune a inuwa, wanda shawarar za ta faɗa wa kuma bai karanta ba, ba a kuma tambaye shi ba. Mutum na iya cewa ya yarda ya sa kansa a haɗari. Ba shi da ikon yarda a madadin ɗan wani da aka ba shi amana.

Game da ƙaddara kuwa, duk mun yi imani da ita, kuma babu ƙarfen da zai ƙara wa mutum kwana. Amma malamanmu ba su taɓa koya mana cewa tawakkali na nufin watsi da sababi ba. Manomin da ke cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa shi ne dai ke yi wa rijiyarsa baki don kada yaro ya faɗa, shi ne ke gyara birkin babur ɗinsa kafin ranar kasuwa. Ba wanda ya taɓa ce masa imaninsa ya raunana. Ƙaddara magana ce ta haƙuri bayan an yi abin da ya wajaba. Ba hujja ba ce ga wanda ya sa hannu ya cire kariyar da ya tarar.

Kada kuma a ɗauka mariƙi ya gama komai. Ba ya hana bel da ba shi da murfi kama hannun riga. Ba ya taimakon wanda ya durƙusa yana cire ciyawa da igiyar leda daga haƙora inji na kunne. Wannan aikin sai an kashe inji gaba ɗaya. Manyan masu dizal ɗin nan da ƙananan liba biyu ake karkata su, kuma a gangara aikin libar na juyewa, wanda ya matsa ta dama inji ya yi hagu, abin da duk mai jan tirela cike da taki ko mutane ya wajaba ya sani. Waɗannan sai da koyarwa. Amma koyarwa na aiki ne kafin faɗuwa, mariƙi kuma na aiki bayanta, ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Akwai gaskiyar da ya kamata mu fuskanta: da yawa daga manyan injunan dizal masu araha ba sa zuwa da mariƙin ko kaɗan, tsohuwar ƙira ce mai liba ɗaya da ke zama inda aka ajiye ta. A nan ne aikin hukumomi yake. Masu sayen injuna da yawa a lokaci guda don rabawa ko bayar da bashi, KNARDA da shirin KSADP da ƙungiyar Sasakawa da ƙananan hukumomi da 'yan majalisa masu rabon kayan tallafi, su rubuta a takardar kwangila cewa dole inji ya tsaya in an saki hannu, kuma haƙora kada su juya a ribas. Dillali na kawo abin da mai saye ya nema ne. Cibiyar NCAM da ke Ilorin, wadda gwada injunan noma na cikin aikinta, da hukumar SON, su sa wannan cikin abin da suke dubawa. Injiniyoyin noma na IAR Samaru da Jami'ar Bayero, da Kwalejin Noma ta Audu Baƙo da ke Dambatta, su ƙirƙiro mariƙi mai sauƙi da za a iya ɗaura wa injunan da suka riga suka shigo, su gwada shi sosai, sannan su koya wa masu walda da kanikawa. Kada kowane mai walda ya ƙago nasa, domin kariyar da ba ta kamawa ta fi rashinta haɗari, tana sa mutum ya saki jiki.

Yanzu ne lokacin, tun injunan nan ana iya ƙirga su a gunduma guda. Samarin da ke koyon tuƙinsu yau su ne za su koyar da na bayansu, kuma abin da suka tarar shi za su ɗauka daidai. In suka tashi suka ga roba a kan mariƙi, haka za a gada.

Ina roƙon Malam, da girmamawa, ya janye shawarar ɗaurewa da cirewa a wurin da ya buga ta, ya karkata alƙalaminsa ga neman mariƙin da ba ya kashe inji. Ina roƙon dagatai da masu unguwanni da limamai da shugabannin ƙungiyoyin manoma na Gammo da Garo da Godiya da Getso su yi wannan magana kafin ruwan shuka ya sauka. Mai inji, ka duba injinka da kanka kafin ya fita, in ka ga roba ka yanke ta. Kai kuma ɗan'uwa manomi, in za ka saya ko za ka kira mai haya gonarka, ka sa a tayar da injin a gabanka, a sa giya, a saki hannu. In ya tsaya, bismillah. In ya ci gaba da tafiya, kada ka sa ɗanka ko ɗan wani a bayansa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.